Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tarayyar Afirka: Yallaɓai, Nahiyar Fa Tana Tsagewa A Bakin Ofishinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Tarayyar Afirka, Mahmoud Ali Youssouf, da sauran manyanmu da ke zama a Addis Ababa.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a, ya kuma fama da taro. Allah Ya taimaka.

Ƙara na kawo. Akwai wani ɓangare na nahiyar nan da ya kama hanyar ɓallewa, bai rubuto muku takarda ba, bai yi ƙuri'ar raba gardama ba, ba sojoji ba tankoki ba jawabin asuba a gidan rediyo, kawai tafiyarsa yake yi gabas hankali kwance, kuma har yau ban ji kun fitar da ko 'yar sanarwar nan taku ta kullum ba, wacce kuke cewa kuna "nuna matuƙar damuwa" kuna kira ga dukkan ɓangarori da su kai zuciya nesa. In soja ya yi juyin mulki ranar Laraba, kafin Juma'a kun dakatar da ƙasarsa. To wannan da ya kwashi Somaliya ɗungurungum da rabin Habasha da yankin Kenya da Tanzaniya yana tafiya da su fa? Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Bari in ɗan yi bayani don na san ba kowa a cikinku ne ya zauna ajin jogirafi ba, wasu lokacin suna can suna koyon yadda ake rubuta sanarwar bayan taro. Duniyar nan cikinta zafi ne, samanta ne kawai ya sandare, kamar dai yanar da ke kan koko in an bar shi a kofi ya sha iska. Yanar nan kuma ba guda ɗaya ba ce, a tsattsage take, manya-manyan ɓangarori masu kaurin wajen kilomita 100, su ne masana jiyoloji ke ce wa farantai, kuma kowanne yana ja a hankali a kan dutsen da ke ƙarƙashinsa wanda zafi ya sa shi laushi. Mu a nan Najeriya muna kan farantin Nubiya. Wanda na kawo ƙararsa shi ne farantin Somaliya. Tsagar da ke tsakaninsu ta taso daga yankin Afar, ta ratsa Habasha, Kenya, Tanzaniya har Mozambik, sama da kilomita 3,000, da wani reshe ta yamma da ya bi ta Yuganda, Ruwanda, Burundi da gabashin Kwango, kuma tafkunan nan dogaye, Tanganyika da Malawi, ruwa ne ya samu tsagar ya kwanta a ciki. Tanganyika zurfinsa ya kai mita 1,470, wato ba 'yar tsagar bango ba ce da za a kira birkila ya shafe da siminti buhu ɗaya.

Saurin tafiyar kuwa, a wajen Habasha, milimita 6 zuwa 7 ne a shekara. Na san yanzu wani darakta zai yi dariya ya ce ashe ma da sauran lokaci. To yallaɓai ku ɗauki kalkuleta. An kafa uwar ƙungiyarku, OAU, ranar 25 ga Mayu 1963 don haɗa kan Afirka. Daga ranar zuwa yau nahiyar ta rabu da kusan santimita 40. Duk jawaban haɗin kai, duk taken da aka rera, duk shinkafar da aka ci a liyafa, sakamakon a ƙasa shi ne rabuwar santimita 40. Kafin Ajandar 2063, shirinku na ciyar da nahiyar gaba, ta cika za a ƙara wajen 25. Kuma kar ku manta a 1964 a Alƙahira shugabanni suka zartar da cewa ba za a taɓa iyakokin da aka gada ranar samun 'yancin kai ba, to ga wani nan yana taɓa su kullum dare da rana har ranar hutu, sannu-sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba za ku ce ba ku sani ba. Ginin nan naku mai tsayi da Sin ta gina muku aka buɗe a 2012, Addis Ababa ɗin da yake ciki a gefen tsagar take zaune, in ka fita garin ka yi kudu maso gabas ba ka daɗe da tafiya ba ka gangara cikinta. Daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025 yankin Awash Fentale ya yi ta girgiza, aka kwashe dubban mutane, har a Addis ana jin motsin. Ina zaton shayin da ke kan teburinku ma ya kaɗa. Kai kuma yallaɓai shugaba, da girmanka, ɗan Jibuti ne, kuma Jibuti ita ce bakin wuƙar, nan ne tsagogi uku suka haɗu, ta Bahar Maliya da ta Mashigin Aden da ta Gabashin Afirka. A watan Nuwamba 1978 dutsen Ardoukoba ya yi aman wuta tsakanin tafkin Assal da gaɓar teku, ƙasa ta buɗe sama da mita ɗaya cikin 'yan kwanaki. Shi kansa tafkin Assal mita 155 yake ƙasa da doron teku, babu wuri mai zurfin ƙasa kamarsa a duk Afirka, teku na nan a kusa yana leƙowa yana jiran a ba shi hanya. Wato dai wanda ake tuhuma a bayan gidanka yake kwana.

Kuma ba kullum yake tafiyar hawainiya ba, wani lokaci yana tara bashin shekaru ya biya a lokaci ɗaya. Satumba 2005, a Dabbahu da ke Afar, narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya tsaga wajen kilomita 60, a wasu wurare ɓangarorin biyu suka ja da baya da mita 8, duk cikin makonni kaɗan, aikin da a lissafi ya kamata ya ci ɗaruruwan shekaru. Ka duba makiyayin Afar da ya saba bin hanya ɗaya da raƙumansa tun yana yaro, ya wayi gari ga rami baƙi ƙirin a tsakiyar hanyar, tururi na fita, warin ƙibiritu, toka ta rufe sama. Wannan mutumin ba ya buƙatar wani farfesa ya zo daga Ingila ya gaya masa nahiya na tsagewa. Ku ne kawai ba a gaya wa ba.

In kuna ganin wasa ne ku tambayi tarihi, ai an taɓa yi mana. Yankin Larabawa gaba ɗayansa, Saudiyya da Yaman da Oman, jikin Afirka yake a manne, wajen shekara miliyan 30 da suka wuce ya fara zamewa, Bahar Maliya ita ce gurbin da ya bari, kuma har gobe yana ƙara gaba da santimita ɗaya da 'yan kai duk shekara. Kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya wasu suka zauna a can har yau ga zuriyarsu nan a su Mai Wurno, da ba don wannan tsagar ba da ba su tsaya a Sawakin suna neman kuɗin jirgin ruwa ba, da ƙafa za su taka har Jidda. Daga Hajjin Mansa Musa a 1324 zuwa yau an ƙara mana nisan mita 7 zuwa 10. Ina roƙonku don Allah kar wannan maganar ta kai kunnen masu yanke kuɗin kujera, dama dalili suke nema, yau dala gobe man jirgi, kar mu ji an ce an ƙara dubu ɗari biyar saboda motsin faranti.

Sai kuma Barazil, wannan kam ita ta fi min ciwo. Kwanaki ɗan ƙanwata da ke aji biyu na babbar sakandare ya tsaya min gardama a tsakar gida, sai na sa ya ɗauko wani tsohon littafin taswira da ɓera ya ci bayansa, muka sa reza muka yanko Kudancin Amurka muka turo ta gabas a kan tabarma, wallahi ƙusurwar nan ta Barazil da ta turo ta shige Mashigin Gini ta zauna ɗas, wajen Recife ya zo daidai saitin Kamaru da Najeriya, yaron ya yi shiru yana kallo, can sai ya ce "Kawu, to me ya sa suke neman biza a wurinmu?" Tambayar da na kasa amsawa kenan na turo muku. Ba siffar gaɓar ce kawai ba, duwatsun arewa maso gabashin Barazil da namu na nan iri ɗaya ne, shekaru ɗaya, tsagoginsu ma suna haɗuwa in ka jera su. Wajen shekara miliyan 100 kenan da suka ƙarasa ficewa, yanzu Tekun Atlantika ne tsakaninmu yana ƙara faɗi da santimita 3 ko fiye duk shekara, sun tafi da kogin Amazon, sun tafi da iya ƙwallo, mu suka bar mu da lissafin "in wane ya ci wane, mu kuma muka yi canjaras".

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ma irin wannan haɗin ya yi a 1912, ya ce dukkan nahiyoyi a dunƙule suke a da. Manyan masana suka yi masa ca, wai mutumin da aikinsa duba yanayi ne me ya sani game da dutse, kuma da gaskiyarsu ta wani gefen don ya kasa nuna abin da ke tura nahiyoyin. Ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ana masa kallon mai tatsuniya. Sai a shekarun 1960, bayan wata mata Ba'amurkiya Marie Tharp ta zana taswirar ƙasan teku aka ga doguwar tsaga a tsakiyar Atlantika, sannan aka dawo aka ce ashe mutumin nan gaskiya ya faɗa. Shekara 50 kafin a karɓi rahoto. Na faɗi wannan ne don ku samu natsuwa, ba ku kaɗai ba ne.

Yanzu bari in gaya muku inda abin ya shafe ni, kar a ce shisshigi nake. Ni a Gombe nake, kuma Gombe a cikin tsohuwar tsaga take zaune. Lokacin da Barazil ke haɗa kayanta, tsagar hannu uku ta yi a daidai inda Neja Dalta take yanzu, hannu biyu suka yi nasara suka zama teku, na ukun ya nufo arewa maso gabas, ya bi ta Makurɗi, Lafiya, Wukari, ya zo ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi Yola ɗaya ya yi wajenmu, Gongola, tsawon wajen kilomita 1,000, shi ne Kwarin Binuwai. Ya buɗe, ya buɗe, teku ya shigo, sai kawai ya tsaya. Ya fasa. Wato ita kanta ƙasa, da duk ƙarfinta da wutar da ke cikinta, ta gwada raba Najeriya biyu tun babu Gwamna Lugga babu haɗe Kudu da Arewa na 1914, ta yi miliyoyin shekaru tana nishi, ƙarshe ta haƙura ta bar mu tare. Masu zagin juna a Facebook kan raba ƙasa sai su ɗan duba wannan su rage ɓata data.

Shaidar tekun tana nan, ba labari ba ne. A wurin da ake fasa farar ƙasar siminti a Ashaka ana tono wasu duwatsu a nannaɗe, zagaye cikin zagaye da layi-layi a jiki, wani kamar tafin hannu wani ya fi faranti girma, gawar wata dabbar teku ce da ta ƙare tun zamanin dainoso. Na taɓa riƙe guda, sanyi ƙalau, nauyi, ka juya shi ka ga har ɗakunan cikin ɓawon sun fito. A Gombe fa, inda muke bin 'yan garuwa da rana tsaka muna roƙo. Gishirin Awe da Keana ma ragowar wannan tekun ne, kuma Doma da Awe duka a cikin kwarin suke, don haka da Hausawa suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ina zargin akwai ɗan jiyoloji a cikin masu karin maganar. Haka Sakkwato, farar ƙasar Kalambaina ta teku ce, har akwai wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka tono ƙasusuwansa a can aka sa masa Goronyosaurus saboda Goronyo. Sakkwato da zafinta, da can bakin ruwa ce.

Tsagar da ta fasa ba ta tafi haka nan ba, ta bar 'yar tukuici. Man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe a cikinta yake, man Agadem a Nijar da na Doba a Chadi duk a irin waɗannan tsagogin da suka buɗe suka tsaya ne. Amma ku dubi rashin adalcin. Habasha tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993 ba ta da teku, har ta je ta sa hannu da Somalilan kan samun hanyar teku a Janairu 2024 aka yi ta hayaniya, alhali da sun yi haƙuri teku da kansa zai shigo musu ta Afar, masana na cewa nan da shekara miliyan 5 zuwa 10, kyauta ba haya. Yuganda da Zambiya ma in reshen yamma ya yi nasara suna iya samun gaɓa. Nijar fa? Tata tsagar ta mutu tun tuni, shi ya sa sai da aka ja bututu kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin. Kuma ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025, a takarda ne kawai, a ƙasa suna nan manne da mu a faranti ɗaya, kusan ma a ce tsohon dutsen da ke ƙarƙashin Yammacin Afirka ya haura shekara biliyan 2 bai yarda ya tsage ba, ba sanarwar talabijin ce za ta motsa shi ba.

Ta arewa kuma labarin ya juya, mu ne muke bi. Afirka na matsawa Turai da ƙasa da santimita ɗaya a shekara, wannan turin ne ya tayar da tsaunukan Atlas da Alps, kuma in aka ci gaba a haka nan da shekara miliyan 50 Bahar Rum zai rufe. Ya ma taɓa ƙafewa kusan ƙaf wajen shekara miliyan 6 da suka wuce da mashigar Jibralta ta toshe, gishirin na nan jibge a ƙasansa. Don haka in kun zauna da Tarayyar Turai kan batun 'yan ci-rani ku gaya musu a hankali cewa gaba ɗayanmu muna tafe, da gidajenmu da gonakinmu da awakinmu, kuma babu jami'in biza da zai buga wa faranti hatimin ƙi.

To amma akwai inda dariyar ke tsayawa. Satumba 2023 wannan turin ya kashe kusan mutum 3,000 a Maroko, yawancinsu a ƙauyukan kan dutse masu ginin ƙasa. Dutsen Nyiragongo ya malalo wuta cikin Goma ta gabashin Kwango a 2002, ya sake a 2021, kuma kafin na biyun cibiyar da ke sa masa ido ta yi ta kukan rashin kuɗin aiki. Tafkin Nyos a Kamaru ya saki iska mai shaƙe numfashi a Agusta 1986, sama da mutum 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, kuma tsoron ɓallewar bakin tafkin na cikin abin da ya sa aka gina dam ɗin Kashimbila a Taraba. Accra ta girgiza a 1939. Mu ma da muke cewa muna tsakiyar faranti ba ruwanmu, Kwoi ta motsa a 2016, Mpape a Abuja ta motsa a Satumba 2018, mutane suka fito waje da zani a hannu, wasu suka ce fasa dutse ne wasu suka ce yawan haƙa borehol ne, aka dakatar da wannan aka dakatar da wancan, bayan wata biyu kowa ya manta. Akwai cibiya a Toro ta jihar Bauchi da aikinta auna irin wannan motsin, irinsu ya kamata ku cika nahiyar da su, da na'urori masu aiki da wutar da ba ta ɗaukewa da albashi a kan lokaci, ƙasashe kuma su riƙa musayar bayanan, tunda girgiza ba ta tsayawa a Jibiya ko Maraɗi ta nuna fasfo. Kuɗin taro ɗaya na shugabanni, in aka rage motoci da otal, zai sayi na'urori da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan wannan sai ku kafa kwamiti, na san dai can za a ƙare. Kuma a karon farko ina goyon baya ɗari bisa ɗari, don wannan ce matsala ɗaya tilo a duk nahiyar da saurinta ya yi daidai da saurin kwamitinku, in an ba su shekara dubu su miƙa rahoton wucin gadi mita 6 ko 7 ne kawai za a yi asara. Sashen shari'a kar su tada hankalinsu, akwai misali a ƙasa: Madagaska ta rabu da gaɓar Gabashin Afirka sama da shekara miliyan 150, kuma ga ta nan memba, da tutarta a gaban gininku. Ashe ficewa ba ta soke zama ɗan ƙungiya.

In kuwa haka ne to akwai kuɗi a waje. Indiya ma jikinmu take a zamanin Gondwana, wato lokacin da nahiyoyin kudu suke a dunƙule, ta ɓalle ta ruga arewa da gudun da ya haura santimita 15 a shekara, ba birki, ta je ta gwabza wa Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, Himalaya ita ce inda gaban motar ya lotse, shi ya sa ake samun gawar dabbobin teku a ƙolin Everest, mita 8,849 a sama. Ostareliya har yanzu gudu take, santimita 7 a shekara, sai da gwamnatinsu ta gyara lambobin taswirarta da mita 1.8 don GPS ya daina ajiye mutane a gidan maƙwabta. Ga Barazil da Ajantina, ga Saudiyya da duk arzikin manta. Duk tsofaffin membobi ne da suka fita ba sallama, kuma ko sisi ba su taɓa biya ba na kuɗin ƙungiya. Kullum kuna kukan kasafin kuɗinku ya dogara da masu ba da tallafi, to a tura musu takardar bashi, a lissafa daga ranar da kowa ya tafi, da kuɗin ruwa a kan waɗanda addininsu ya yarda. Antatika kawai za a ɗaga wa ƙafa, babu kowa a gida sai tsuntsaye.

In an karɓo, kason Gombe a sa mana a famfo.

Na gode, ranku ya daɗe. A gaida mutanen ofis.

Naku,
Wani mazaunin Kwarin Binuwai, reshen Gongola.